Waƙar shuka da Malam Haruna ya bari a hannuna

Shekara tara ke nan da muka raka aminina Malam Haruna makwancinsa, amma bana ce na fi tuna shi, don ga watan Yuni ya raba, ruwa bai sauka a gida ba.

Shi ya kafa tashar rediyon Muryar Gandu a bayan shagonsa na wayoyi a unguwar Barbès, nan Faransa, inda metro, jirgin ƙasan cikin birni, ke wucewa bisa kanmu har makirufo ya ɗauki ƙararsa. Da farko wata tashar unguwa ce ke ara masa fili ran Lahadi, daga baya ya koma intanet. Waƙoƙin karkara kawai yake sawa: gurmi, kukuma, kiɗan noma, waƙar daka. Ni nawa miƙa kaset ne da gardama. Masu ɗaukar kaya a babbar kasuwar Rungis su ne manyan masu saurarensa.

Yana da doka ɗaya. Akwai waƙar shuka ta wani makaɗin ƙasar Damagaram, wadda ba ya sawa sai yayarsa Hajiya Rabi ta bugo daga ƙauye ta ce ruwan shuka ya sauka, ta tona ƙasa da hannunta ta ga laima. Na sha ce masa taurin kai ne. Amma duk wanda ya ji waƙar nan a Faransa ya san an fita gona.

Bayan rasuwarsa ɗansa Nasiru, injiniya a Villeurbanne kusa da Lyon, ya kwashe kasetocin cikin na'ura, tashar na juya kanta dare da rana. Yaron kirki ne, ba don shi ba da tuni an rufe. Sai dai na'ura ba ta san damina ba. Bara, tsakar bazara, ta sako waƙar shuka. Alhaji Mamman, tsohon da ke sayar da yadi kusa da mu, ya bar shago a buɗe ya zo yana hawaye, wai ya buga wa ƙanensa barka. Ƙanen ya ce masa ko hadari ba su gani ba, shanu ma na faɗuwa. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Nasiru ya ce, "Kawu, c'est automatique, na'urar ce ke sawa da kanta. Yanzu kowa na ganin ruwan ƙauyensu a waya." Gaskiyarsa. Na ce duk da haka ya cire ta. Ya cire, ya ba ni kaset ɗin, muka shirya ran da aka bugo in je mu sa da hannu.

Me Malam Haruna zai ce da ya ga tasharsa ta yi ƙarya? Ina jin ba zai yi faɗa ba. Abin da ya bari bai wuce wannan ba: ba ya faɗin abin da ba a tona aka gani ba.

Ina tsoro. Hajiya Rabi ta tsufa, gwiwa ba ta kai ta gona, kuma ban san wa zai tona ƙasa bayanta ba. Jiya Alhaji Mamman ya leƙo ya ce, "Malam, har yanzu?" Na nuna masa kaset ɗin a aljihuna. Ya ce jikansa ya turo masa hoton hadari, amma shi sai ya ji waƙar.