Kwana Ukun da Na Riƙe Inna Dije a Kurfi

A duk shekarun da na yi ina aikin asibiti, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wata Litinin da aka kawo mini Inna Dije a kan jaki. Ku da kuke koyon aikin nan, kun sha jin ina cewa in ciki ya kumbura, ba bayan gida ba fitar iska, kada wanda ya kuskura ya ba da maganin wankin ciki. Yau zan gaya muku inda na koyi wannan, ko da yake ba labari ne da zai ƙara mini daraja a idonku ba.

Abin ya faru da damina, 'yan shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai. A lokacin ni malamin asibiti ne a ƙaramin asibitin En'e, wato hukumar gargajiya, na Kurfi, irin wanda ake kira sha-ka-tafi. Ɗaki biyu ne da rumfa, babu gadon kwantar da majinyaci. Aikinmu wanke gyambo, ba da maganin zazzaɓi, ɗiga maganin ido, da allura. Duk abin da ya fi ƙarfinmu, doka ita ce mu rubuta takarda mu tura mutum babban asibiti a Katsina, inda likitoci suke.

A Dutsin-Ma kuwa akwai wani malamin asibiti, Malam Lawal. Na girme shi a aiki da shekara bakwai. A ƙarƙashina ya fara, ni na koya masa naɗa bandeji da dafa sirinji, shi ya sa yake kira na Maigida. Da aka zo zaɓen wanda za a tura ƙarin horo, sai aka tsallake ni aka ɗauke shi, wai Turancinsa ya fi nawa. Ya dawo aka ba shi Dutsin-Ma, ya kuma dawo da robar nan da likitoci ke saƙalawa a kunne su saurari ƙirji. Ni ba ni da ita, ban ma taɓa sa ta a kunnena ba.

Kafin shekara ta zagayo mutanen Kurfi sun fara wuce ni. Mutum zai gaishe ni a bakin asibiti da ladabi, ya hau jakinsa ya nufi Dutsin-Ma da tarin da ni ma zan iya yi wa magani. Wani tsoho ya taɓa ce mini a gaban jama'a, "Ai Malam Lawal har cikin mutum yake ji." Na yi dariya na ce roba ba ta warkar da kowa, amma ranar ko tuwo bai yi mini daɗi ba. Na kai matsayin da in aka ce wane ya je Dutsin-Ma bai samu sauƙi ba, sai in ji wani sanyi a raina. Allah Ya yafe mini.

Inna Dije na cikin waɗanda ba su taɓa wuce ni ba. Bafulatana ce dattijuwa, rugarsu na kusa da Tamawa, tana kawo nono da man shanu kasuwar Kurfi. Shekara da shekaru tana zuwa wurina da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, musamman in ta ci abu mai maiƙo. Wata shekara idonta ya yi rawaya, ta yi zazzaɓi mai zafi har muka fid da rai, sannan ta tashi. "Ɗana" take ce mini.

Ran Litinin ɗin nan babban ɗanta, Ja'e, ya sauko da ita daga kan jaki tana riƙe da ciki. Kwana biyu tana amai, kwana uku ba ta fita bayan gida ba, cikin ya ɗan tasa. Ina cikin dubawa sai Ja'e ya ce, "Malam Sada, ko mu wuce da ita Dutsin-Ma a saurara mata cikin nan?"

Ga gaskiyar da na daɗe ban gaya wa kowa ba. Da Katsina ya ce, da a take na rubuta takarda, don na san amai da rashin bayan gida ba abin wasa ba ne. Amma Dutsin-Ma ya ce. Na ce, "Shekara nawa nake duba Inna? Cushewar ciki ce. Bar ta nan."

Inna ta ɗaga hannu da ƙyar ta ce, "Ja'e, bar ni wajen ɗana."

Na dama mata gishirin wankin ciki na ba ta. Aka shimfiɗa mata tabarma a rumfa.

Ran Talata sai ta ji sauƙi. Aman ya tsaya, ta fitar da iska kaɗan, har ta kurɓi fura. Na fita gindin bishiyar da dattawa ke zama na ce, "To, ga wadda aka so a kai wa mai roba can tana shan fura." Daga baya na gane tsakuwa ce ke tafiya a cikin hanjinta, ta maƙale ta sake, ta maƙale ta sake, shi ya sa ciwon ke lafawa ya dawo.

Ran Laraba abin ya dawo da ƙarfinsa. Aman ya zama kore, zuwa la'asar ya koma ruwan ƙasa mai wari. Idonta ya faɗa, harshenta ya bushe, cikin ya yi tam kamar ganga. Ja'e ya sake zuwa ya durƙusa ya ce, "Malam, don Allah." Na ce a ƙara haƙuri zuwa gobe. A lokacin na riga na san na yi kuskure, amma ina tunanin abin da za a ce a gindin bishiya in an ga na sa ta a mota.

Ran Alhamis da hantsi motar En'e da ke tasowa daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ɗauko magani sau ɗaya a wata ta tsaya a ƙofar asibiti don karɓar takardar magungunan da nake bukata. Malam Lawal na gaba kusa da direba. Ya sauko, ya rusuna ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Yana miƙewa ya jiyo nishi daga rumfa.

"Maigida, wa ke nan?"

"Wata tsohuwa ce, cushewar ciki."

"In ka yarda in ɗan duba ta?"

Na matsa gefe na ba shi hanya. Ya je ya tsuguna, ya gaishe ta, ya dafa cikin, ya fito da robarsa ya saurara. Ya daɗe yana sauraro. Sannan ya cire ta daga kunnensa ya miƙo mini. "Maigida, ji."

Shekara uku ina ƙyashin abin nan, ga shi yau a kunnena, a gaban Ja'e da direba. Na ji wani ƙil-ƙil, kamar ana ɗiga ruwa cikin tulun da ba kome.

Ya ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Hanji ya toshe. Mi aka ba ta?"

Na gaya masa. Ya dubi ƙasa kawai. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Muka shimfiɗa ta a bayan mota tsakanin akwatunan magani, Ja'e na tallabe da kanta. Na rufe asibiti na bi su.

Likitan tiyatar da muka tarar mutumin Kudu ne, ya daɗe a Arewa, yana jin Hausa sosai. Nan da nan ya sa aka zura mata roba ta hanci don zuƙe abin da ya taru a ciki, aka sa mata ƙarin ruwa. Ya duba bai ga ƙaba ba, bai ga tabon wani tsohon aiki a cikinta ba, waɗanda su ne suka fi jawo toshewar hanji. Ya juyo ga Lawal. "Ta taɓa wani ciwo a baya?"

Lawal ya dube ni. Na ba da labarin ciwon haƙarƙarin dama, da maiƙo, da shekarar da idonta ya yi rawaya. Likita ya tsaya cak. Ya sa aka ɗauki hoton cikin, ya ɗaga shi wajen taga ya nuna mana. Ya ce tsakuwa ce ta taru a matsarmamarta, wato maɗaciya, shekara da shekaru. Yawan kumburi ya sa matsarmamar ta manne da hanji har ta huda shi, tsakuwar ta faɗa ciki ta yi ta gangarawa, sai da ta kai inda hanji ya fi ƙunci ta tsaya. Ya ce abu ne da ba a cika gani ba, kuma ya fi samun tsofaffin mata.

Ina cikin jin daɗin cewa maganata ce ta buɗe masa hanya, sai wata nas ta raɗa masa wani abu. Ashe ta tambayi Ja'e abin da aka ba Inna a Kurfi. Fuskar Likita ta canja.

"Wa ya ba ta gishiri?"

Kafin in buɗe baki Lawal ya ce, "Mu ne, Likita."

Likita ya yi masa wankin babban bargo a gaban nas-nas. Ya ce hanjin da ya toshe in ka tura shi da gishiri fashewa zai yi, kuma wanda aka tura horo bai kamata ya yi wannan ba. Lawal na tsaye, hannu a baya, yana cewa, "Na ji, Likita." Da ya gama faɗan sai ya ce ma'aikacinsa ɗaya ba ya nan, yana bukatar ƙarin hannu a ɗakin tiyata. Ya nuna Lawal. "Je ka wanke hannu."

Ni da Ja'e muka zauna a baranda. Zan so in ce muku addu'a nake yi wa Inna. Na yi, amma kaɗan. Yawancin tunanina na kan Lawal da na hango ta taga an ɗaura masa farar riga da ƙyallen rufe baki, yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da Likita. Tsohuwar da ke kira na ɗanta na kwance ana yanka ta saboda ni, ni kuwa ina ƙyashin riga.

Wajen la'asar sakaliya Lawal ya fito da ƙaramar tasa. A ciki ga tsakuwa kamar ƙwan zabuwa, launinta tsakanin kore da baƙi. Ya ce an shaƙa mata maganin barci aka buɗe cikin, Likita ya bi hanjin da hannu har inda mai kumburi ya haɗu da wanda ya lanƙwame, nan ya taɓo ta. Wurin ya riga ya yi baƙi, sai da aka yanke kamar taƙi guda aka haɗa bakin biyu aka ɗinke. Ya sake lalube sauran hanjin ko akwai wata tsakuwar, babu. Matsarmamar kuwa ya bar ta, ya ce jikin tsohuwar ba zai ɗauki aiki biyu ba.

Ja'e ya tambaya, "Tana da rai?"

"Tana da rai, alhamdu lillahi."

Washegari da safe na je ofishin Likita na ce masa ni na ba da gishirin, ba Lawal ba. Kada ku ɗauka tsoron Allah ne kaɗai ya kai ni. Akwai shi, amma akwai kuma cewa ban so Lawal ya fi ni har a wannan.

Likita ya ce, "Na sani. Daga Kurfi ta zo, shi kuwa yana Dutsin-Ma. Na so in ga ko za ka buɗe baki ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Tarihin da ka ba ni shi ya nuna mini inda zan duba. Kai ka fi kowa saninta, don haka laifinka ya fi na kowa. Da ran Litinin ta zo, tsaga kawai zan yi in fitar da tsakuwar in ɗinke, ba sai na yanke mata hanji ba."

Bai kai ƙarata ba. Amma ya rubuta wa hukuma yana neman a ba shi Lawal, kuma kafin kaka aka mayar da shi ɗakin tiyata a Katsina. Tun a hanyarmu ta dawowa daga Katsina na tambayi Lawal me ya sa ya ɗauki laifina. Ya ce, "Maigida, in an zagi wanda ya koya mini aiki ai ni aka zaga." Ba zan ɓoye muku ba, wannan amsa ma haushi ta ba ni. Na ƙara shekaru kafin zuciyata ta sake shi, kuma ba rana ɗaya ta sake ba. A hankali ne, kamar yadda gyambo ke cikowa.

Inna Dije ta yi sati shida a asibiti, don ɗinkin ya yi ruwa. Ta tashi, ta ƙara shekaru a duniya, amma ba ta sake ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa ba. Da ta koma ruga ta aiko in zo. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, an ce har asibitinka ka rufe ka bi ni Katsina. Allah Ya yi maka albarka." Ja'e na zaune a gefe yana gyara igiya, bai ɗago kai ba. Bai taɓa gaya mata abin da ya faru ba, bai taɓa gaya wa kowa ba. Amma har na bar Kurfi, shi da iyalinsa ba wanda ya sake taka ƙofar asibitina. Ko ƙaya ce ta soki yaro, Dutsin-Ma suke kai shi, alhali Lawal ɗin ma ba ya can.

Abin da zan bar muku shi ne wannan. A sauran sana'o'i in ka yi hassada kai kake ɗanɗana kuɗarka. A tamu wani ne ke kwance a tabarma yana ɗanɗana ta a madadinka. Duk ranar da kuka ji ba ku son tura majinyaci gaba, ku tsaya ku tambayi kanku: don ciwon bai kai ba ne, ko don sunan wanda za a kai wa? Ni na san amsar tun ran Litinin, kuma sai da na bari aka kai Alhamis.