Yadda Delmar Haugen Ya Ɓoye Abin da Kowa Ya Sani

Delmar Haugen manomin alkama ne a Tolsrud, kamar ubansa. Ran Lahadi shi ke tsayawa a ƙofar coci yana nuna wa mutane wurin zama, duk da cewa kowa ya gaji bencinsa tun daga kakanni. Mutum ne mai kunya da gudun abin magana. Giyarsa a rumfar tarakta yake sha, ya bi ta da alewar na'a-na'a, ya fito yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A ganinsa daga shi sai Ubangiji suka sani. Ubangiji kam ya sani, haka ma duk wanda ya taɓa gaisawa da shi.

Matarsa Ardis ta yi haƙuri har haƙurin ya gaji da ita. Ranar da ya bi ta kan furanninta da injin yankan ciyawa, ya kwanta a gefe yana minshari, ta haɗa akwati ta koma gidan yayarta. Ta ce ba za ta dawo ba sai ya zauna cikin masu taron barin giya. Rantsuwa kuwa ya riƙe abarsa, tana da irinta cike da kabad.

Taron ba nisa, kowace Talata da yamma ana yin sa a ɗakin ƙasa na cocinsu. Sai dai filin ajiye motocin cocin yana kallon tagar shagon kofi na Verna, mutanen Tolsrud kuwa ba jarida suke karantawa ba, motoci suke karantawa. Akori-kurar Delmar ja ce mai koriyar ƙofa ɗaya, ko makaho ya san ƙararta.

Sai ya je wurin nas ɗin garin, ya ce wani abokinsa ne ke tambaya ko akwai irin taron a wani gari. Ta ce akwai a Brenna, tafiyar awa guda, shi ma ran Talata. Ta ce ya gaida abokin, ya kuma gaya masa ya rage gishiri, don jininsa ya hau a awon da ta yi masa kwanan baya.

Ya ari motar mijin 'yarsa, ya ja hula har gira, ya kama hanya. A wajenmu idan motoci suka haɗu, kowa yakan ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari, ko an san juna ko ba a sani ba. Ran nan motoci da yawa suka wuce shi, ba wanda ya ɗaga. Abin ya tsaya masa a rai.

Ya sauka matakalar cocin Brenna ya tura ƙofa. Ga Lyle mai aski. Ga mai kai wasiƙu, ga matar da ke kaɗa piyano ran Lahadi, ga kusan rabin bencin hagu na Tolsrud, kowa da kofinsa.

Lyle ya ce, "Dattijo, ɓatan hanya ka yi, ko ka zo nuna mana wurin zama?"

Delmar ya ce wata tarakta ya zo dubawa.

"A ɗakin ƙasa? Zauna, maƙwabci. Kujerar nan tun 'yarka tana firamare muke kakkaɓe mata ƙura."

Da ya tambayi su wa ke taro ke nan a cocin Tolsrud, aka ce mutanen Brenna mana, su ne ya wuce a hanya. Ran Talata ba a ɗaga yatsa.

Ya zauna. Da aka zo kansa ya faɗi sunansa ga mutanen da suka san har sunan karensa, ya ce shi mashayi ne. Ba wanda ya yi dariya. Allah ya sani, tun rasuwar uwarsa bai yi kuka irin na ran nan ba.

Da aka tashi ya roƙi Lyle ya shaida wa Ardis ya zo. Lyle, wanda ko akuya ce ta yi tari a garin sai an ji a shagonsa, ya ce abin da aka gani a nan, a nan yake kwana. Mai piyano ma haka. Delmar ya buga wa Ardis waya da kansa. Ta tambaye shi wa ya gan shi, ya ce ba a faɗa.

"Na ji irin wannan, Delmar," ta ce, ta ajiye wayar.

Haka ya yi ta zuwa Brenna yana dawowa gida ba kowa, bakinsa ba wari, ba kuma mai shaida. Garin da bai taɓa rufa masa asirin shan giya ba ya rufa masa na barinta ruf.

Wata Talata sai ya ɗauki motarsa ta kansa, ya ajiye ta daidai tagar Verna, ya fito ya daɗe yana duba taya don kada a ce ba a gani ba, sannan ya sauka ɗakin ƙasa na cocinsu, cikin baƙin da suka zo daga Brenna. Kafin ya samu kujera Verna ta kira Ardis.

Ba ta dawo a makon ba. Sai da Verna ta kira ta Talata bayan Talata har aka fara girbi, sannan ta dawo, ta ce masa akwatin a bakin ƙofa zai zauna, ba za ta kai shi ɗakin sama ba tukuna.

Mutanen Brenna kuwa, da suka ga sun samu ɗan gari, suka damƙa masa makulli da tukunyar kofi, tunda gidansa ya fi kusa. Har yau shi ke dafawa. Sun ce kofin kamar ruwan wanke tarakta, amma ba wanda ya yarda ya karɓi makullin.