Ƙofar da Ke Bayan Allon Kwamfuta

Shekaru da dama ni kaɗai na san kalmar sirrin kwamfutocin makarantarmu a Malumfashi. Ko shugaban makaranta in zai duba takardun jarrabawa sai ya aika a kira ni. Ina da gonata a hanyar Dayi, amma ba masara ke sa ni ɗaga kafaɗa ba, wannan kalmar ce.

Sai aka kawo mana sabuwar malama daga Zariya. Tsohuwar ɗalibata ce, ni na koya mata inda ake kunna kwamfuta. Ba ta cika wata biyu ba malamai suka fara zagaye teburina suna kai mata wayoyinsu ta gyara musu. Ina gani, ina yi kamar ina gyara rajista.

Wata ranar Laraba, ana saura mako guda jarrabawa, ta same ni ni kaɗai a ɗakin kwamfuta.

"Malam, don Allah in nuna maka wani abu?"

Ta zauna gaban wata kwamfuta, ta shiga ta asusun ɗalibai, wanda na ɗaure shi tam, ba ya iya buɗe komai sai darasi. Ta ɗan yi danne-danne, allon ya yi ƙifta sau ɗaya, sai ga tambayoyin jarrabawar lissafi a gabana. Ba ta tambaye ni kalmar sirri ba.

Ta yi mini bayani a hankali. Akwai 'yar manhajar da ke sa hoto ya fito a allo, direba muke ce mata. Tana da iko sosai a cikin na'ura, kuma tana da ɓaraka. Duk wanda ya zauna gaban kwamfutar, ko ɗalibi ne, in ya san hanya zai bi ta nan ya zama mai gida. Masu manhajar sun daɗe da fitar da gyara, sai dai kwamfutocinmu ba su karɓa ba.

Na san dalili. Ni na kashe sabuntawa da hannuna tun ranar da aka kawo su, kamar yadda kowa ke yi a nan, don kada ta cinye mana data.

Abin da na ce mata shi ne, "To, mun ji. Karatun Zariya ya yi amfani."

Ta tashi ta fita. Wallahi ba tsoron satar amsa ne ya fara kama ni ba, kishi ne. Na so a ce ƙarya take.

Ranar Asabar na hau babur na tafi Funtua inda sabis ya fi ƙarfi, na sauko da gyaran, na dawo na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Ban gaya mata ba. Jira kawai nake ta kai ni gaban shugaba, har na shirya abin da zan faɗa.

A taron malamai shugaba ya tambaya ko takardun jarrabawa suna cikin aminci. Ashe ta sake gwada hanyar ta tarar da ita a rufe, sai ta riga ni magana.

"Akwai wata ɓaraka da, amma Malam ya toshe ta."

Shugaba ya juyo ya sa mini albarka, malamai suka taya shi. Na buɗe baki in ce ita ta gano, sai na ji kaina ina cewa, "Ai aikinmu ne."