Kabad ɗin Bindigogin Baba

Da aka kai ni gidan miji a Kafanchan, kafin ma a nuna mini madafa, aka nuna mini kabad. Dogo ne, siriri, na katakon maɗaci, da kwaɗon tagulla, yana tsaye a falon baban mijina. Aka ce bindigogi shida ne a ciki, tun na zamanin Turawa, in kuma ina shara kada in juya masa baya. Ni kuwa da shegen tsoro, shekara biyu ina shara a karkace.

Baba tsohon soja ne. Abin da ba ya so a tona shi ne, duk zamansa a bariki a kantin haɗin gwiwar sojoji ya yi shi, inda kowa ke zuba ɗan abu daga albashi don a samu sabulu da kifin gwangwani da araha. Da aka rufe kantin aka ba shi kabad ɗin sallama. Amma a unguwa Sajan ne. Ɓarawo bai taɓa taɓa mana ko kaza ba, kuma a coci kujerar gaba ake ba shi. Duk girman nan a jikin kwaɗon tagulla yake rataye.

Wata damina birai suka addabi masarar danginsa a Madakiya. Dattawa biyar suka zo takanas, suka ce Sajan ya taimaka da bindiga ko guda.

Baba ya gyara murya. "Makamin gwamnati ba a buɗe shi sai da oda daga sama."

Babbansu ya ce, "To ba sai an buɗe ba, yaya. Biri ai yana da wayo. In ya ga gidan bindiga, ya san sauran."

Na ga Mama, uwar mijina, ta tura bakin zane cikin baki. Na ɗauka kuka take yi.

Haka aka ɗora kabad a bayan akori-kura, daga bakin titi ƙarti huɗu suka ɗauke shi a ka, Baba na gaba da tsohon kakinsa da ya ƙi rufe tumbi. Ni aka ɗora wa tulun kunu. Rabin gari ya biyo mu, hadari kuma ya haɗu.

Ashe gara ta daɗe tana cin bayan kabad ɗin, wurin da babu mai leƙawa. Ana sauke shi a tsakiyar gona, allon baya ya ɓalle. Laima shida baƙaƙe suka zube, kowace daga gurbin bindiga, ragowar kayan kanti da ba a sayar ba. Haushi ya turnuƙe ni, shekara biyu ina yi wa laima ladabi. Birai na kan dutse suna kallonmu, ɗaya har da masara a hannu.

Amma da na dubi Baba, dariyar da ta taso mini ta koma. Ya tsufa a take. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Sai ruwa ya kece. Babban dattijon ya sunkuya, ya ɗauki laima ɗaya, ya saɓa a kafaɗa yadda soja ke saɓa bindiga, ya ƙame. "Sajan, muna jiran oda." Sauran huɗun suka yi haka, ruwa na dukansu, babu wanda ya murmusa. Ta shidan ni na miƙa wa Baba.

Ya daɗe yana juya ta kafin ya daka tsawa: "A buɗe!"

Suka buɗe tare, fau, birai suka watse.

A hanyar gida ya jawo ni ƙarƙashin laimarsa. Ya ce a hankali, "'Yata, ban taɓa harbin kowa ba. Sabulu na sayar."

Na ce, "Na ji, Baba."

Ran Lahadi a coci kujerarsa ta gaba na nan tana jiransa, babu wanda ya zauna a kai.