Damina guda ina ƙwadago a gonar ubana

Shekarun baya da suka shuɗe, ciwon ajali ya sa mahaifina ya jinginar da gonarmu ta bayan Gagarawa ga wani maƙwabcinmu. Babu takarda, sai shaidu biyu. Kafin shekara ta zagayo ɗaya ya bi mahaifina, saura wani tsoho mai tari. Kowa ya sani, ranar da tsohon nan ya faɗi, jingina ta zama ciniki.

Shekara uku ina dakon buhunan riɗi a kasuwar Maigatari har kuɗin suka cika. Maimakon in kamo hanya, sai na tsaya jiran tela ya gama mini shadda, wai kada in shiga gari kamar ɗan dako. Kwana tara na ɓata. A cikinsu aka yi ruwan shuka.

Na je gaban mutumin ina ƙyalli, na ajiye kuɗi. Ko kallonsu bai yi ba.

"Ɗana, ba a fansar gona da iri a ƙasa. Sai an yi girbi."

Gaskiyarsa ce, haka ake yi. Wallahi ranar na tsani shaddar nan.

Ban koma Maigatari ba. Na damƙa wa mahaifiyata kuɗin, na ce ko ni na zo ina kuka kada ta ba ni. Na nemi ƙwadago a wajen mutumin, na yi noman fari da maimai a gonar ubana ana biyana. Kullum kuma sai na kai wa tsohon nan mai shaida fura. Ya yi tari, gabana ya faɗi. Har ya gane ni.

"Kai yaro, ni kake jinya ko gonarka?"

"Duka biyu, Baba."

Ya yi dariya, ya ce zai yi ƙoƙari.

Ana ɗaure damin ƙarshe na goyo shi a babur zuwa gidan maƙwabcin namu. Ya faɗi abin da ya sani, aka karɓi kuɗi, aka shafa fatiha.

Abokina malamin Turanci ya ce kalmar da Turawa ke kiran fansa da ita, asalinta "sake saye" take nufi. Ni dai ban ji kamar saye na yi ba. Har yau ba na ɗaga abin da ya kamata in yi yau, ko don na tuna yammacin da mahaifiyata ta taka har gonar, ta zauna gindin gawon da ke tsakiya, ta ce, "To, yanzu in na je lahira ina da abin gaya wa mahaifinka."