Taubashina a Layin Farko

Ni na fara jin labarin horon da za a yi a Maradi kan yadda ake sayar da kaya ta intanet, ni kuma na ja taubashina muka tafi. Ɗan gwaggona ne, don haka a wasa bawana ne, haka nake kiransa tun muna lakwal, wato makarantar boko, shi kuma ya ce mini maigida. Dukanmu turkar raguna muke yi don Layya a garinmu Dakoro. Na ɗauke shi ne don in samu abokin hira a mota.

Malamin ya koya mana buɗe shafi, da yadda za a sa injin bincike ya nuna shi da wuri. Ya ce mu rubuta kalmomin da mai saye zai buga da kansa, irin su ragon Layya, balami, Dakoro. Hotuna su zama marasa nauyi saboda rezo, wato layin intanet, ba ƙarfi. Ya ce kuma in wasu shafuka suna sa adireshin naka, injin zai ɗauka kai abin dogaro ne, ya tura ka gaba. Ni ina rubutawa, bawana yana gyangyaɗi.

Abin da nake so ɗaya ne: manyan masu saye na Yamai, masu zuwa da kamyo, babbar motar kaya, su kwashe garke gaba ɗaya, su ga ragunana kafin na kowa. A shekarar na zuba duk abin da nake da shi a harawa da dusa. In Salla ta wuce suna ɗaure, na shiga uku.

Na gyara shafina tsaf. Na wanke ragunan da sabulu kafin in ɗauke su hoto. Da na buga kalmomin a salula, ashe taubashina ma ya buɗe nasa, sai ga shi a layi na uku, ni kuwa sai an juya zuwa shafi na biyu. Mutumin da hoton farko a shafinsa rabin rago ne da ƙafar matarsa! Raina ya ɓaci ƙwarai. Kishi ne, ba na kiransa da wani suna. Da baƙo ne ya wuce ni da na haƙura, amma wanda na biya wa kuɗin mota?

A tsakaninmu taubasai, abin da ke cinka za ka iya faɗinsa da dariya, ba mai riƙe ka. Sai na buɗe wani gefe a shafina na fara tsiya. Na ce kunnuwan ragunan bawana sun isa a rufe tukunya da su. Na ce akwai wanda in ya yi kuka sai ka rantse tsohon babur ne. Ƙarƙashin kowane rubutu sai in sa adireshin shafinsa, in ce wanda bai yarda ba ya je ya gani da idonsa. Na tura a gurup-gurup na waya. Mutane suka yi ta dariya. Wani mai shafin labaran gari ya kwafa, 'yan Dakoro da ke zaune a waje suka kwafa, kowa da adireshin a maƙale. Har daga Bader Goula aka kira ni ana tambayar yaushe zan sake wani.

Shi kuwa ko a jikinsa. In mun haɗu a kasuwar bisashe sai ya ce, "Maigida, yau mi ka rubuto kaina? Ka ƙara ma miyar gishiri, jiya ba ta ji ba."

Ina jin daɗin kaina har ranar da na duba na gan shi a layin farko. Ni ina nan inda nake, kamar an ɗaure ni a turke. Na kira malamin na Maradi, na ce akwai maguɗi. Ya duba, sannan ya tambaye ni wa ya baza adireshin yaron nan ko'ina. Na ce ai zagi ne. Ya ce injin bai san taubasantaka ba, abin da ya gani kawai shi ne shafuka da yawa suna nuna wuri ɗaya, mutane suna shiga suna daɗewa. Na so in goge, amma waɗanda suka kwafa ba a hannuna suke ba. Kuma gaskiya, in na goge, ba abin da zai sake kawo kowa shafina.

Ana saura kwanaki kaɗan Salla, wani alhaji ya yi sallama a ƙofata, kamyo na tsaye a bakin titi. Daga Yamai yake. Ya ce ni ne mai rubutun nan? Na ce ni ne. Na shimfiɗa tabarma, na dafa shayi, na sa aka kawo cuku. Ya yi ta maimaita maganganuna yana ƙyaƙyatawa. Na kai shi garke, ya shafa bayan rago ɗaya, ya ce ma sha Allah. Sai ya ce in raka shi gidan taubashin nawa, bai san hanya ba.

Na ce, "Alhaji, ai waɗancan su ne na ce maka ba su da kyau."

Ya ce, "Ni ma ina da taubasai, malam. Mutum ba shi zama kullum shina zagin ragon da bai tsone mashi ido ba."

Baƙo ne, ya sha shayina, ba yadda zan yi. Na shiga gaba ya biyo ni. Bawana ya fito yana washe baki, ya ce, "Yau maigida da kanshi ya kawo ma bawa baƙo? Duniya ta gyaru!" Na yi dariya, don dole in yi.

Ciniki bai daɗe ba. Da aka zo lodi hannu ya yi kaɗan, ni ma na tattare riga na kama ƙafafun baya. Raguna ne masu nauyi, farare tas, ƙirji cike da hannu, kuma na san haka tun ranar farko. Na ɗora su ɗaya bayan ɗaya har garken ya zama wayam. Da na juyo gida, tun daga kan kwana nake jin kukan nawa ragunan, lokacin harawarsu ya wuce.