Mai-tsani da Rufin Ɗakin Inna

Ku da kuka tarar da kakanku da ranshi kun san ba ya shiga ɗakin mutum ya fara da gaisuwa. Sallama dai zai yi a bakin ƙofa, yana sa ƙafa ciki sai ya ɗaga tafin hannu sama da kai, ya tsaya shiru kamar mai sauraron hadari. Sai ya sauke hannun sannan zai tambayi lafiyar gida, kuma kafin a amsa ya riga ya gaya wa mai gidan cewa rufinshi na dafa mashi iyali. Har wurin gaisuwar mutuwa ya taɓa yin haka a Farfaru, mutane na addu'a shi yana leƙen azara. Jibiya duka Mai-tsani ake ce mashi, saboda tsanin gwangwalar nan da ba ya rabuwa da shi. Ni ban taɓa kiran shi haka ba. Malam nake cewa, kuma da shi zan ci gaba.

Abin da ba ku sani ba shi ne inda ya samo wannan ciwo. Ni na jawo mashi. Yau zan faɗa, tunda waɗanda za su yi mani dariya duk sun riga ni tafiya.

Zamanin Nasara ne, shekarun da gyaɗa ke tashe. Malam na da jakuna, yana safarar kaya tsakanin nan da Maraɗi. Gidanmu tsohon soro ne da mahaifinshi ya gina tun kafin a haife shi, ɗaki biyu a jere, ɗaya nawa, ɗaya na Inna, uwarshi. Wata damina ruwa ya yi yawa, ashe gara ta cinye azara, rufin ya zubo. Allah ya kiyaye, muna waje. Malam ya ce a sake azara a yaɓe da ƙasa yadda yake da. Ni kau na ce kwano, ko kuma in zauna a tsakar gida. Daga Kusa aka kawo ni, matan unguwa ba su bar ni na manta ba, kullum 'yar ƙauye, 'yar ƙauye. Na so su fito da safe hasken rufina ya kashe masu ido. Malam ya yi ta ƙunƙuni kwana da kwanaki, ya sa kwanon.

Akwai wasu ramuka jere a can saman bango, gabas da yamma, tantabaru na shiga suna fita. Na ce a toshe, gidan kwano ba a ganin shi da ramuka kamar akurki, kuma ba zan yarda tsuntsu ya yi mani kashi a sabon rufi ba. Shi da kanshi ya kwaɓa ƙasa ya liƙe su tsaf.

Da sanyi lafiya lau muka zauna. Bazara na kamawa muka gane abin da muka saya. Da hantsi kwanon zai fara ƙas, ƙas, kafin azahar man shanu ya zama ruwa a kwalba, ruwan randa ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Amma in mata suka zo kallon gidan kwano, sai in yafa gwado a kafaɗa in ce masu ni sanyin ɗakin ne ma ke damuna. Gumi na bi ta bayana har gefen zane, ina murmushi.

Inna ba ta da wannan wasa. Sai dai ku fahimci yadda suke da Malam, don ku 'yan yanzu ba ku san wannan kunya ba. Shi ne ɗanta na fari. Tunda ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunanshi ba, ba ta ci abinci gabanshi, ba ta yi mashi magana ido da ido. Wancan take ce mashi. In tana da saƙo ni ke kaiwa, in yana da amsa ni ke dawo da ita, ko da suna zaune inuwa ɗaya. Farkon zafin nan ta kira ni ta ce, "Yarinyar nan, ki gaya wa wancan, ubanshi ba don tantabara ya bar ramukan nan ba." Na ce to, Inna. Na fito na haɗiye maganar. In na kai ta, ai na yarda ke nan ɗakina na da zafi, kuma ni na sa aka toshe.

Da ta ga shiru, sai ta zaci ya ji ne ya ƙi. Azumi na tafe a tsakiyar bazarar. Wata safiya tana ba akuyarta dusa, Malam na ɗaure wa jaki akumari, sai ta gaya wa akuyar, da ƙarfin da za a ji, cewa ita ba za ta yi azumi cikin tanderu ba, kafin a ga wata za ta shiga motar ranar kasuwa ta tafi Maraɗi wurin ɗiyarta Gambo, can soro ne da su. Na ga hannun Malam ya tsaya a kan igiya. Duk mun san in tsohuwa kamarta ta tsallake iyakar nan ba dawowa za ta yi ba, can za a binne ta, nesa da mijinta. Ya kwance akumarin, ya saki jakin, ya tafi neman gwangwala. Ranar aka haɗa tsanin.

Ya ce zafi daga sama yake zuwa, a sama za a tare shi. Wannan magana kun ji ta a bakinshi har kun gaji, to ranar ya fara ta. Ya tsinto azarar da gara ta bari, ya gicciya a ƙarƙashin kwano, ya shimfiɗa asabari a kai, ya zama akwai wani ɗan ɗaki tsakanin kwano da mu. Zafin ya ɗan rage kaifi, amma Inna ba ta ce komai ba, akuya ma ba ta ji labari ba.

Sai ya ce asabari ya yi siriri, sai an yi mashi bargo. Kun san kakanku da tsimi, abin da za a samu a bola ba ya neman shi a kasuwa. Ya je inda ake ɓarar gyaɗa ya kwaso ɓawon da aka zubar, buhu-buhu, ya baza a saman asabarin. Bai yi tunanin 'yan ƙwayoyin da suka saura a ciki ba. Kwana uku ɓerayen Jibiya suka ji labari, har na tsallaken iyaka ina jin sun zo. Da rana tsaka suna tsere a kanmu, ɓawo na zubo mani cikin miya. Ya aro kyanwar maƙwabta ya hau da ita ya tura ta ciki. Ko ruwan alwala ban gama zubawa a buta ba sai ga ta ta diro, harshe waje, ta haura katanga, ba ta ƙara taka gidanmu ba. Malam ya bi ta da kallo ya ce to, ga shaida ta biyu bayan Inna, akwai sauran aiki. Ya sauke ɓawon nan kaf da ƙwarya.

Na uku audugar rimi ce. Na je suna na dawo na tarar da katifata ta aure a tsakar gida, an farke ta an zazzage, fatar kawai ta saura, matasan kai ma sun bi ta. Ita ce kaɗai abin da na zo da shi daga Kusa da matan unguwa suka yaba. Na sa kuka. Ya leƙo daga kan tsani, gemu fari fat da auduga, ya ce, "Ta-Kusa, katifarki ba ta bar ɗakinki ba. Da kina kanta, yanzu tana kanki." Kwana biyu ban yi mashi magana ba, ya rasa mai kai saƙo, shi ya sa ya ba ni haƙuri.

Katifa ɗaya ba ta isa ba, sai ya kora jakuna ƙauyukan tsallake inda rimi ke da yawa, ya cika manyan buhuna. A dawowa ɗan duwan, mai binciken kaya a bakin iyaka, ya ga kaya sun fi jakunan girma, jakunan kuma na sassarfa kamar ba a ɗora masu komai ba, ya ce lallai akwai abin da aka ɓoye. Malam ya roƙe shi kada ya buɗe a cikin iska, mutumin ya ƙara tabbata. Ya sa wuƙa ya keta buhu ɗaya. Audugar ta tashi ta rufe mashi hula da gashin baki, yana atishawa yana tambayar me za a yi da wannan. Malam ya ce rufin ɗaki zai yi wa katifa. Mutumin ya dube shi, ya dubi jakunan, ya ce a buɗe mashi hanya, wannan ba ɗan fasa-ƙwauri ba ne, magani yake bukata. Malam kau bai tafi ba sai da ya tsince audugar da ta maƙale a rigar mutumin.

Ya shimfiɗa ta da kauri, ya danne da tsofaffin buhuna. Ta yi aiki, ba zan yi mata ƙarya ba, amma rabi. Zafin ya daina faɗowa, sai ya taru a can sama ya rasa hanyar fita, kafin la'asar ya huda ya sauko, iskar ɗakin ta tsaya cik. Malam ya rame. Wata bakwai da aka yi ana ce mashi mai gidan kwano, yanzu an koma ce mashi Mai-tsani.

Saura kwana uku a duba wata, gobe kuma kasuwa, Inna ta ɗaure kayanta ta aje a bakin ƙofa. Malam ya sauko da azahar, ya zauna a gindin tsanin. Na kawo ruwa bai karɓa ba. Can ya ce, "Na yi duk abin da na sani. Da ma za ta faɗi abin da take so ne, ko da kwanon ne in cire."

Na tsuguna na gaya mashi saƙon, kalma da kalma, yadda ta faɗa. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun farkon bazara. Na jira faɗa, wallahi na cancanta. Sai ya ce, "To ke, ba ki jin zafin?"

Na ce, "Ina ji, Malam. Na fi kowa ji."

Dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce ashe gwadon nan ya wahala. Ya ɗauki dagi ya jingina tsani a bangon gabas ya fasa yaɓen da ya yi da hannunshi, ya zagaya yamma ya fasa. Ramukan sun faɗo daidai tsakanin kwano da auduga. Yana buɗe na ƙarshe wani huci ya bugo mashi fuska har ya kusa faɗowa, iska ta ratsa ta wuce.

Washegari motar Maraɗi sai bayan azahar take cika. Inna ta gaya wa akuya za ta ɗan kishingiɗa kafin lokaci, ta shiga ɗaki. Tun da zafin ya fara ba ta taɓa kwanan rana a ciki ba. Muka jira ta fito, shiru. Na leƙa na tarar tana barci, hannu ɗaya a ƙarƙashin kumatu, ko gumi babu a goshinta. Motar ta fara oda daga bakin kasuwa, muna ji. Na motsa, Malam ya tare ƙofar da jikinshi ya girgiza mani kai. Haka ya tsaya cikin rana, ba hula, har muka ji motar ta tashi ta yi arewa.

Sai la'asar ta farka. Ta fito ta dubi inuwa, ta san lokacin da ake ciki. Ta ɗaga kai ta dubi ramukan. Malam na tsaye taku biyu daga gare ta, ba ta dube shi ba. Ta ce mani, "Yarinyar nan, ki gaya wa wancan ya kwance mani ƙullin nan, igiyar ta yi mani tauri." Ya ji da kunnenshi, amma bai motsa ba sai da na juya na gaya mashi. Sannan ya durƙusa ya kwance, ya daɗe a kan igiyar nan fiye da yadda take bukata, kanshi a sunkuye.

Ta yi wannan azumi a ɗakin, ta ƙara huɗu. A nan ta cika, aka kai ta kusa da mijinta.

Yanzu ubanku ya sa ni a ɗakin siminti, ga fanka na juyi, ba abin da na rasa. Amma in rana ta take nakan kasa kunne, ko zan ji ƙarar gwangwala a jikin bango da muryar mutum yana faɗa da rufi shi kaɗai. Ba wanda zan ƙara kai wa saƙo, su biyun suna wuri ɗaya. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Malam, ya yalwata masu kabari, ya sanyaya makwancinsu. Ni kuma ya yafe mani bazarar nan, in tawa ta zo ya sada ni da su. Amin.